Sharhi: Kwana biyar doka ta ba mai gida, wata nawa ta ba kamfanin inshora?

Daminar 2024 ba za ta fita daga zukatan ƴan Nijar da wuri ba. Alƙaluman da gwamnati ta fitar bayan ɗaukewar ruwa sun nuna mutane kusan 400 ne suka rasu, fiye da miliyan ɗaya da rabi kuma ambaliyar ta shafa. A ƙarshen watan Agusta ruwan yini guda ya kwantar da gidaje a birnin Maradi, a farkon Satumba tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram ya rushe jama'a na kallo, har ta kai ga ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen Oktoba saboda azuzuwa sun zama matsugunin waɗanda suka rasa muhalli. An raba shinkafa da gero, an raba barguna da gidajen sauro. A duk tsawon wannan lokaci kalmar inshora, ko asurans kamar yadda aka fi kiranta a titi, da ƙyar ta fito daga bakin wani jami'i ko wani mai gida.

Ba abin mamaki ba ne. Yawancin gidajen da suka faɗi na ƙasa ne, kuma masu su ba su taɓa taka ƙofar wani kamfanin inshora ba. Amma akwai wani rukuni da ke ƙaruwa kowace shekara wanda maganar ta shafa kai tsaye. Akwai matashin ma'aikaci da ya ci bashin banki ya gina ɗaki biyu da falo, bankin kuma ya sa shi yin inshorar gidan kafin ya saki kuɗi. Akwai ɗan ci-rani da ya share shekara goma yana aiko da guminsa daga Abijan, Akara, Tiripoli, Aljas, Faransa ko Amurka, bulo bayan bulo, har ya tsayar da selibateriyum a Yamai ko gidan haya a Zariya ta Maradi, da nufin kuɗin hayar su riƙe iyaye yanzu, su riƙe shi ranar da ya dawo. Wasu daga cikin irin waɗannan suna biyan kuɗin inshora duk shekara. Abin da ba su cika sani ba shi ne yadda ake karɓar diyya ranar da ta ɓaci, kuma a nan ne ake yin asara ta biyu.

Dokar da ke tafiyar da harkar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Nijar na cikin ƙasashe 14 na ƙungiyar CIMA, wadda aka rattaba hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, kundin dokokinta kuma ya fara aiki a 1995. Duk kamfanin da ke sayar da inshora a Yamai ko Tawa da wannan kundi yake aiki, haka na Dakar da Abijan. Ayar doka ta 12 ta ce da zarar mai inshora ya san an yi ɓarna, dole ya sanar da kamfanin cikin wa'adin da kwantiragi ya tsayar, wa'adin kuma ba ya kasa kwana biyar na aiki. Idan sata ce, awa 48. A aikace kamfanoni ba su cika ƙara ko kwana ɗaya a kan wannan mafi ƙarancin ba.

Sai a auna kwana biyar da rayuwar mutumin da ke aikin gini a Misrata. Gobara ta tashi daren Alhamis a gidansa na Damagaram. Ƙanensa da ke kula da gidan ya shagala da kashe wuta, da masu zuwa jaje, da neman inda ƴan haya za su kwana. Ana jin nauyin gaya wa yaya, sai an shawarta da tsohuwa tukuna. Kafin labari ya isa Libiya kwana uku sun wuce. Takardar kwantiragin tana cikin akwati a ɗakin da ya ƙone, ko tana wajen wani aboki a Yamai. A halin nan kuma maƙwabta, saboda zumunci, sun kwashe tokar, sun fitar da ƙonannun kwanuka, wani ma ya fara yaɓe. Ranar da masanin kamfanin zai zo ƙiyasta ɓarna, babu abin da zai gani sai bango mai baƙi.

Akwai abin da ya kamata kowane mai inshora ya haddace a nan, domin ba kowane wakilin kamfani ne zai tuna masa ba. Ayar doka ta 20 ta ce kamfani ba zai hana diyya don an makara wajen sanarwa ba, sai idan kwantiragin ya tanadi hakan, kuma kamfanin ya tabbatar cewa jinkirin ya jawo masa asara. Idan wani uzuri da ya fi ƙarfin mutum ne ya hana shi, hujjar ta faɗi gaba ɗaya. Wato kalmar "ka makara" da ake jefa wa mutum a bakin kanta ba hukunci ba ce. Mai gida na da damar neman a rubuta masa ƙin biyan a takarda, tare da ayar kwantiragin da aka dogara da ita. Ayar doka ta 8 kuma ta ce duk sharaɗin da ke soke haƙƙi ko cire wani haɗari daga lamuni ba ya aiki sai an rubuta shi da baƙaƙen da ke fitowa fili sosai. Sharaɗin da aka cusa da ƙananan haruffa a shafi na goma sha huɗu abin ƙalubalanta ne a gaban alƙali.

Duk da haka, wanda ya yi abin da ya dace a kwanakin farko ya huce wahalar shari'a. Hotuna da bidiyo kafin a taɓa komai, wanda kowace waya ke iya yi. Takardar shaidar ƴan kwana-kwana idan gobara ce, ta kwamisariya ko jandarmomi idan sata ce. Idan ɓarnar babba ce, kuɗin da za a ba wisiye ya zo ya rubuta abin da idonsa ya gani ba asara ba ne. Sanarwar kanta a rubuce, a kai ofishin kamfanin a buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a riƙe. Kiran waya ga dillalin da ya sayar da inshorar ba ya barin shaida. Sannan a kare abin da ya saura, a rufe rufin da ya buɗe da tamfol, amma kada a fara gyara na dindindin kafin masanin ya zo. Ɗan ci-rani kuma ya bar wa wani amintacce takardar wakilci da aka buga wa hatimin hukuma tun kafin ya tafi, ya ajiye hoton kwantiragi da rasit da faktocin kayan gini a wayarsa. Mutanen da ke iya adana saƙon murya na shekara uku a WhatsApp ba za su kasa adana shafi goma ba.

Maganar ruwa ta fi ta wuta ɗaure kai, kuma ita ce ta fi cin mutane. A kwantiragin gida akwai abin da ake kira lamunin ɓarnar ruwa. Mai gida ya ji an ce ruwa, sai hankalinsa ya kwanta, yana tunanin damina. Alhali abin da ake nufi a mafi yawan kwantiragi shi ne ruwan da ya fito daga cikin gidan: bututun famfo da ya fashe a bango, tankin sama da ya zuba, makewayin bene da ya jiƙa silin na ƙasa. Ruwan Gulbi da ya cika ya shigo gari, ko kogin Isa da ya fasa madatsa kamar yadda ya yi a Satumban 2020 ya mamaye Lamorde da Kirkisoye da Saga, ko ruwan sama da ya taru a titi ya kutso ta ƙofa, wannan ambaliya ce, kuma sai an saye lamuninta daban idan kamfanin ya yarda ya sayar. Haka iskar farkon damina da ke yaye kwano: tana da nata sharaɗi, kuma sau da yawa ba ya haɗawa da rumfa ko ginin da ba na siminti ba. Maradi gari ne da ambaliyar 1945 ta tilasta masa barin kwari ya hau tudu. Sayar wa mutumin Maradi inshorar gida ba tare da an buɗe baki an ce masa "wannan ba ta rufe ambaliya" ba, ko da doka ba ta kira shi zamba ba, bai yi nisa da ita ba.

Waɗanda ke zaune a Faransa su ne suka fi faɗawa wannan rami, saboda suna auna gida da abin da suka saba gani can. A Faransa dole ne ɗan haya ya yi inshora, kuma tun 1982 duk kwantiragin gida na ɗauke da lamunin bala'o'i irin su ambaliya, wanda ke fara aiki da zarar gwamnati ta ayyana yankin a hukumance. Aljeriya ma, bayan girgizar ƙasar Bumardas ta 2003, ta wajabta wa masu gine-gine inshorar bala'o'i. A Nijar babu wannan tsari. Abin da ba a rubuta a kwantiragi ba, babu shi.

Sai batun ƙimar gida, inda laifin yakan koma kan mai gidan. Don a rage kuɗin shekara, mutum ya ce gidansa na miliyan 10 ne alhali sake gina shi zai ci miliyan 20 na sefa. A ɗauka gobara ta yi ɓarnar miliyan 6. Yana lissafin cewa 6 ba ta kai 10 ba, don haka za a biya shi duka. Ayar doka ta 35 ta ce a'a: tunda rabin ƙimar ya yi wa inshora, shi ne mai lamunin ɗaya rabin, sai dai idan kwantiragin ya ce wani abu daban. Miliyan 3 zai samu. Daga ciki za a cire kason da kwantiragi ya bar masa ya ɗauka da kansa, kuma masanin na iya rage wani abu saboda tsufan ginin. Ko wanda bai yi ƙarya ba na iya shiga wannan hali, domin farashin siminti da ƙarfe ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma mai gidan da ya ƙara ɗakuna uku bayan sa hannu bai cika komawa ya gyara takarda ba.

Irin wannan shirun na da wani haɗarin. Doka ta ce idan wani sabon abu ya faru da ke ƙara haɗari, a sanar da kamfani cikin kwana 15. A Maradi da Ƙonni da Damagaram kowa ya san yadda ɗakin ƙofar gida ke rikiɗewa ya zama shago, shagon kuma ya zama wurin ajiye jarkokin ƴan ruwa-ruwa, ko wurin walda, ko ɗakin injin niƙa. Mai gidan yana Kodebuwa, wakilinsa ya ga haya ta ƙaru ya yi shiru. Ranar da fetur ɗin ya kama, kamfanin zai ce gidan kwana ya yi wa lamuni, ba gidan mai ba. Idan aka tabbatar an ɓoye da gangan, ayar doka ta 18 ta rushe kwantiragin baki ɗaya, kuɗin da aka biya kuma sun tafi. Idan ba da gangan ba ne, aya ta 19 ta ce a rage diyyar daidai da gibin kuɗin da ya kamata a biya. A wannan gaɓa ba a ga laifin kamfani ba.

Haka nan batun biyan kuɗin shekara. Tun gyaran da aka yi wa ayar doka ta 13 a 2011, lamuni ba ya fara aiki sai kuɗi sun shiga. Ɗan ci-rani ya turo jaka ɗari a sabunta inshora, aka yi suna ko rashin lafiya a gida, aka ce a ranta a mayar ƙarshen wata. Duk abin da ya faru a tsakani, babu mai biya. Wanda ya aiko kuɗi bai nemi hoton rasit ba, zato kawai yake yana da inshora.

Ƴan haya kuwa, waɗanda su ne mafi yawan matasan birane, suna cikin duhu fiye da kowa. Inshorar mai gida ta gini ce. Katifa, firji, talabijin, babur da kayan ɗakin amarya ba sa ciki. Abin da ya fi haka nauyi yana cikin kundin dokokin farar hula da Nijar ta gada, aya ta 1733: idan gobara ta tashi a gidan haya, ɗan hayar ne ke da alhaki, sai ya tabbatar cewa abu ne da ya fi ƙarfin mutum, ko aibin gini ne, ko daga maƙwabta wutar ta tsallako. Kamfanin da ya biya mai gida na da ikon juyowa ya nemi kuɗinsa a wajen wanda ya jawo ɓarnar. Malamin makaranta da tukunyar gas ta fashe a ɗakinsa na iya rasa kayansa, sannan a biyo shi bashin miliyoyi. Akwai lamuni na musamman da ke kare ɗan haya daga wannan, amma dillalan gidaje, waɗanda ba sa mantawa da kuɗin ajiya na wata biyu ko uku da nasu la'ada, ba su taɓa ambata shi. Shi ma mai gida na da nasa alhakin: idan katangarsa ta faɗa wa ɗan maƙwabci saboda rashin gyara, shi doka za ta kama. Kuma lamunin asarar haya da wasu ke saye yana biyan watannin da gidan ya zauna babu kowa saboda gyaran ɓarnar da aka yi wa lamuni ne. Ɗan hayar da ya ƙi biya wata shida ba ya ciki.

Zuwa nan nauyin duk a wuyan talaka yake: kwana biyar, awa 48, kwana 15. To shi kamfanin fa? Aya ta 16 ta ce ya biya cikin wa'adin da aka yi yarjejeniya a kai, wato wa'adin da shi kansa ya rubuta a kwantiragin da ba a tattauna shi da kowa. A batun gobara, aya ta 46 ta ce idan an miƙa lissafin asara da hujjoji aka yi wata uku ba a gama ƙiyasi ba, mai inshora na iya aika takardar gargaɗi don kuɗin jinkiri su fara hawa, sai an yi wata shida kuma kowane ɓangare ke iya zuwa kotu. Wata shida iyali na raɓe a gidan dangi. Masanin da zai ƙiyasta ɓarnar kuma kamfanin ne ya ɗauko shi, shi ke biyansa. Mai gida na da damar ɗauko nasa masanin, idan suka saɓa a nemo na uku, amma daga aljihunsa, kuma yawancin masu wannan sana'a a Yamai suke, kilomita sama da 600 daga Maradi, kusan 900 daga Damagaram. Wanda ya gaji sai ya sa hannu kan abin da aka miƙo masa. Jinkiri ba ya cin kamfani komai, mai gida yake ci, kuma duka ɓangarorin sun san haka.

Wannan rashin daidaito ne ya kamata hukumar kula da inshora ta ma'aikatar kuɗi ta sa a gaba. Kamfanoni na miƙa mata rahoto duk shekara. Babu abin da zai hana ta wallafa, kamfani bayan kamfani, yawan buƙatun diyyar gidaje da aka shigar, nawa aka biya, nawa aka ƙi, da kwana nawa aka ɗauka. Ranar da matashi zai iya duba wannan jadawali a wayarsa kafin ya zaɓi inda zai kai kuɗinsa, kamfanin da ke jan ƙafa zai gyara ba tare da an kai shi gaban hukumar sa ido ta CIMA da ke Libarbil ba. Ana kuma buƙatar wurin kai koke a kowace jiha, ba sai mutum ya hau mota zuwa Yamai ba.

Akwai maganar harshe. Kundin CIMA ya ce a rubuta kwantiragi da harshen hukuma na ƙasar, shi ya sa komai da Faransanci yake, Faransancin lauyoyi ma, wanda mai digiri kansa ke karantawa sau biyu. Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Idan wannan mataki na da wata ma'ana a rayuwar yau da kullum, ga wurin gwada shi. Shafi ɗaya da Hausa da Zabarmanci, da saƙon murya ga wanda bai iya karatu ba, da ke faɗin abu huɗu: me aka rufe, me ba a rufe ba, kwana nawa ne wa'adi, wa za a kira. Kamfanonin waya na tallar garaɓasarsu da harsunan gida kullum, ba su talauce ba.

Wasu na ganin mafita ita ce a wajabta inshorar gida kamar ta mota. Sai a yi hattara. Direbobi nawa ne ke sayen takardar asurans don wani abu ban da nuna wa ɗan sanda a shinge? Wajabta abin da jama'a ba su yarda zai biya su ba haraji ne kawai da sabon suna. Tsarin bala'o'i irin na Aljeriya ko Faransa abin nazari ne, musamman da yake damina na ƙara tsanani, amma ba zai yi aiki ba sai gwamnati ta tsaya a bayansa da kuɗi, kuma sai an samo hanyar shigar da gidajen ƙasa, waɗanda kamfanoni ke gudu alhali su ne ke faɗuwa. Ga masu ƙyamar inshora saboda addini kuma, majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta tsarin taimakon juna tun 1985, CIMA ma ta fitar da dokar takaful a 2019. Sai dai ko takaful ɗin, ranar ɓarna hoto da rasit da wa'adi zai tambaya.

Waɗanda ambaliya ko gobarar 2024 ta shafa, suna da inshora, aka ce musu "ana duba dosiyenku" har yau, su san agogo na tafiya. Ayar doka ta 28 ta ba da shekara biyu kacal daga ranar da abin ya faru, bayan nan haƙƙin kai ƙara ya mutu. Wanda gidansa ya faɗi a ruwan ƙarshen Agustan 2024 a Maradi, wa'adinsa na cika ne a ƙarshen Agustan 2026. Zarya zuwa ofis da alƙawarin baki ba sa tsayar da wannan lissafi. Abin da ke katse shi, a cewar aya ta 29, shi ne naɗa masanin ƙiyasi, ko shigar da ƙara, ko wasiƙar neman diyya mai rajista da aka aika ta gidan waya aka karɓi shaidar isarta. Ƙarar kuma, tunda gida ne, a kotun garin da gidan yake ake shigar da ita, ba a hedikwatar kamfanin ba.